Darasi na 7: Gyaran Kayan Noma na Ƙarfe

MANUFOFIN DARASI

Idan ka kammala wannan darasi, ana so ka iya:
1. bambance irin ƙarfe uku da aka fi samu a jikin kayan noma;
2. bayyana abin da wuta da ruwa suke yi wa ƙarfe a maƙera;
3. gane walda mai kyau da maras kyau, da abin da bai kamata a yi wa walda ba;
4. zaɓar noti da bolti da suka dace, da kula da injin ban-ruwa;
5. kare kanka da na kusa da kai a wurin gyara.

GABATARWA

Ranar da ruwan shuka ya sauka, a ranar ake ganin cincirindo a ƙofar maƙera da shagon mai walda. Wannan bakin garmarsa ya cinye, wancan amalankensa ya tsage, kowa kuma so yake a sallame shi kafin ƙasa ta sha iska. Aikin da aka yi cikin irin wannan gaggawa ba kasafai yake yin ƙarko ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin gyaran garma da amalanke shi ne rani da bazara, lokacin gyaran injin ban-ruwa kuma shi ne ƙarshen damina, kafin a shiga fadama.

Aikin ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Masu binciken tarihi sun sami alamun narka tama a Dutsen Dala na Kano tun ƙarni na 7. Abin da ya sauya shi ne kayan da manomi ke riƙewa. Garmar shanu ta fara shiga gonakin Arewacin Najeriya a ƙarshen shekarun 1920, ƙaramin injin ban-ruwa kuma ya ture jigo a shekarun 1980 da 1990, lokacin hukumomin raya aikin gona na jihohi da Shirin Fadama. Maƙerin yau ba ya narka tama. Tsofaffin ƙarafa yake saye daga 'yan gwangwan, ko a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Saboda haka ƙarfen da ke jikin garmarka yana iya zama sifirin mota, ko gindin duro, ko rodi, kuma kowanne da halinsa.

Wannan darasi ba zai mai da kai maƙeri ko mai walda ba, don sana'a ce da ake koyo a gaban maigida shekara da shekaru. Abin da zai ba ka shi ne sanin da za ka tsaya a gaban mai gyara ka fahimci abin da yake yi da kayanka da kuɗinka.

1. ƘARFE BA ƊAYA BA NE

A cikin kowane baƙin ƙarfe akwai wani sinadari da ake kira kabon, wanda shi ne asalin abin da ke cikin gawayi. Matsayinsa a ƙarfe kamar na gishiri ne a miya: ɗan kaɗan ne, amma yawansa ko ƙarancinsa shi ke sauya komai. Idan kabon ya yi kaɗan, ƙarfe zai yi laushi ya lanƙwasu. Idan ya ƙaru, ƙarfe zai yi tauri ya riƙe kaifi. Idan ya yi yawa sosai, ƙarfe zai yi gautsi, ya fashe maimakon ya lanƙwashe.

AKWATI NA 1: MUHIMMAN KALMOMI
Ƙarfe mai laushi: wanda kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba. Da shi ake yin jikin garma, amalanke, ƙofofi da bututu. Yana karɓar walda cikin sauƙi, amma ba ya taurara a wuta.
Ƙarfe mai tauri: wanda kabon ɗinsa ya kai kimanin kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100, kamar sifirin mota, magagari da faifan garmar tarakta. Shi ya dace da bakin garma, ruwan fartanya da gatari.
Ƙarfen zubi: wanda aka narka aka zuba a mazubi. Kabon ɗinsa kashi 2 zuwa 4 ne cikin 100. Yana jure nauyi, amma ba ya jure duka.

Yaya za ka gane su alhali duk baƙaƙe ne, duk sun yi tsatsa? Hanya mafi sauƙi ita ce magagari. Goga shi a gefen ƙarfen. Idan ya ci nan take, ƙarfen ba shi da tauri, galibi mai laushi ne. Idan ya zame yana ƙara ba tare da ya ci ba, ƙarfe ne mai tauri da aka ba ruwa (za mu ga ma'anar haka a sashe na 2). Hanya ta biyu ita ce duba wurin da ya karye. Ƙarfe mai laushi yakan miƙe ko ya lanƙwashe kafin ya rabu, ƙarfen zubi kuwa yakan ɓalle lokaci guda, kuma cikinsa ruwan toka ne mai tsaki-tsaki, har yakan bar baƙi a yatsa. Hanya ta uku ta masu walda ce, wato tartsatsi. Idan aka ɗora injin gurza ƙarfe a kan mai laushi, tartsatsin dogaye ne masu ruwan ɗorawa, ba su cika rassa ba. Na mai tauri masu haske ne, suna fashewa da rassa barkatai. Na zubi gajeru ne, jajaye, marasa haske.

MISALI NA 1
Wani manomi ya je kasuwa sayen bakin garma. Ya tarar da iri biyu, ɗaya ya fi ɗaya araha, kuma an shafa wa dukansu baƙin fenti. Sai ya ari magagari ya goga a bakin kowanne. Mai arahar ya ciwu kamar ba komai, ɗayan kuwa da ƙyar magagarin ya bar masa alama. Na farko an yanko shi ne daga ƙarfe mai laushi, kuma ƙasa mai yashi za ta side shi tun kafin a gama huɗa. Na biyu shi ne abin saye, ko da ya fi tsada.

2. ABIN DA WUTA DA RUWA SUKE YI WA ƘARFE

A nan gwanintar maƙeri take, kuma a nan ne aka fi ɓata kaya. Idan bakin garma ko fartanya ya dakushe, maƙeri yakan sa shi a wuta, yaro yana zuga, har ya yi ja, sannan ya kama shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera ya koɗa shi da masaba har bakin ya yi siriri. Amma wutar da ta sa ƙarfen ya daku, ita ce kuma ta kwashe taurinsa. In aka bar shi haka aka kai gona, zai lanƙwashe a huɗar farko. Dole a mayar masa da taurinsa, kuma ana yin haka ne a mataki biyu.

Mataki na farko shi ne ba wa ƙarfe ruwa. Ana mayar da bakin kawai cikin wuta, ba duka jikin ba, har ya yi ja mai haske. Akwai gwaji mai kyau a nan: baƙin ƙarfe yana daina kama maganaɗisu idan zafinsa ya kai kimanin digiri 770 a ma'aunin Selsiyos. Maƙeri zai iya ɗaure maganaɗisun tsohuwar sifika a waya ya riƙa taɓa ƙarfen da shi. Da zarar ya daina kamawa, sai a ƙara ɗan zafi kaɗan, a tsoma bakin cikin ruwa ko mai ba tare da jinkiri ba, ana motsa shi. Sifirin mota ya fi son mai, domin ruwa yana sanyaya shi da saurin da ya wuce kima, har ya yi tsagar da ido ba ya gani sai an je gona. Man gyaɗa ya fi tsohon baƙin mai lafiya ga mai shaƙar hayaƙin. Kowanne aka yi amfani da shi, a zuba shi a mazubin ƙarfe mai murfi, a fili, don mai yakan kama da wuta.

Yanzu ƙarfen ya yi tauri ƙwarai, amma ya yi gautsi. In ya haɗu da dutse ko saiwa zai ɓantare. Shi ya sa ake buƙatar mataki na biyu, wanda masu gaggawa suke tsallakewa, wato sassauta tauri. Ana goge bakin da dutse har farin ƙarfen ya fito, sannan a ɗumama shi a hankali daga baya, a bar zafi ya riƙa tafiya zuwa baki. Mai kallo zai ga launuka suna tafiya a kan farin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Da farko launin busasshen kara, a wajajen digiri 230, sai ruwan ƙasa, sai shunayya a wajajen digiri 280, sai shuɗi a wajajen digiri 300. Wuƙa da aska ana tsayar da su a launin kara, don kaifi ake nema. Abin da zai sha duka da ƙasa da duwatsu, kamar bakin garma da fartanya, ana barinsa ya kai shunayya ko farkon shuɗi, sannan a tsoma shi a ruwa don zafin ya tsaya nan. A inuwa ake wannan aiki, domin a tsakar rana ido ba ya ganin launin daidai.

AKWATI NA 2: MUHIMMAN KALMOMI
Koɗa: dukan bakin ƙarfe da zafinsa don a mayar masa da kaifi.
Ba wa ƙarfe ruwa: sanyaya ƙarfen da ya yi ja a wuta farat ɗaya cikin ruwa ko mai don ya taurara.
Sassauta tauri: sake ɗumama ƙarfen da aka ba ruwa, da ɗan zafi kaɗan, don ya rage gautsi.

Abu biyu za ka riƙe. Ƙarfe mai laushi ba ya karɓar ruwa, ko sau nawa aka tsoma shi. Sannan idan ka ga ƙarfe ya yi fari a wuta yana fitar da tartsatsi da kansa, to ya ƙone, kuma wannan wurin sai dai a yanke shi a yar.

3. WALDA

Waldar lantarki haɗa ƙarfe biyu ce ta hanyar narka gefunansu tare da sandar walda, su zama abu guda. Kalmar da za ka lura da ita ita ce narkawa. Idan sandar ce kawai ta narke ta zauna a saman ƙarfen, shi kuwa bai narke ba, to liƙi aka yi, kuma zai ɓalle.

Sandar da aka fi amfani da ita a shagunanmu ita ce mai lamba 6013, kuma ta wadatar ga ƙarfe mai laushi. Kaurinta iri-iri ne. Mai milimita 2.5 ta dace da siraran ƙarafa, mai milimita 3.2 kuma ta dace da masu kauri, amma tana buƙatar wuta mai ƙarfi. Inda janareto ko wutar gari ba ta da ƙarfi, babbar sanda ba ta narka ƙarfe yadda ya kamata. Akwai kuma mai lamba 7018, wadda ta fi dacewa da wuraren da ke ɗaukar nauyi da jijjiga, sai dai ba ta son danshi ko kaɗan, dole a adana ta a busasshen wuri.

AKWATI NA 3: MUHIMMAN KALMOMI
Sandar walda: siririn ƙarfe mai rufin hoda, wanda ke narkewa ya cike tsakanin ƙarafa biyu.
Ɓawon walda: dattin da ke daskarewa a saman walda. Ana kankare shi kafin a ƙara wani layi.
Kwari: ramin da ake gurzawa a kan tsaga don walda ta shiga har ciki.

MISALI NA 2
Ƙarfen da ke haɗa amalanke da karkiyar shanu ya tsage. Kaurinsa milimita 8 ne, kuma magagari ya nuna mai laushi ne. Ga yadda mai walda na ƙwarai zai yi. Zai kankare fenti da tsatsa da maiƙo har farin ƙarfe ya fito, ya bi tsagar ya ga inda ta tsaya, domin sau da yawa takan wuce inda ido ya fara gani. Zai huda ƙaramin rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba da tafiya. Da yake kaurin ya haura milimita 5, zai gurza kwari a tsawon tsagar. Zai daidaita ƙarfen ya ɗiga walda a wuri biyu ko uku don ya riƙe, ya duba ko ya miƙe, sannan ya ja layin farko a can cikin kwarin. Zai kankare ɓawon, ya ƙara layi na biyu har kwarin ya cika. In wurin yana ɗaukar nauyi, zai ɗora wani falle ya haye tsagar ta kowane gefe. Daga nan sai ya ajiye shi ya huce da kansa.

Wannan mataki na ƙarshe a kula da shi sosai. Ya zama ruwan dare mai walda ya gama aiki ya kwara wa wurin ruwa don mai kaya ya samu ya ɗauka ya tafi. Ka tuna abin da muka koya a sashe na 2: ƙarfen da ya yi ja in ya haɗu da ruwa farat ɗaya, yana iya yin gautsi, kuma ko mai laushi ne, waldar tana iya raunana. A kan ƙarfe mai tauri kuwa abin ya fi muni, don gefen waldar ne zai tsage. Gara ka zauna ka jira, ka kuma ce masa, "Maigida, a bar shi ya huce, ba na sauri."

Walda mai kyau shimfiɗaɗɗiya ce, faɗinta ɗaya daga farko har ƙarshe, gefunanta sun saje da ƙarfen. Maras kyau takan yi tudu-tudu, ko ƙananan ramuka, ko ta ci gefen ƙarfen ta bar kwarmi. Ka nemi a kankare ɓawon ka gani da idonka kafin a shafa fenti.

Ƙarfen zubi shi ne mai wuyar sha'ani. Sandar 6013 ba tasa ba ce, sai sanda ta musamman mai sinadarin nikel, kuma tana da tsada. Ana ɗumama ƙarfen gaba ɗaya tukuna, a yi walda guntu-guntu, kimanin santimita 2 zuwa 3 a lokaci guda, ana ɗan bubbuga ta da ƙaramar guduma, sannan a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya kwana. Duk da haka ba kowane lokaci yake riƙewa ba. Shawarata ita ce, duk abin zubi da ke juyawa da gudu, kamar farfelar injin ban-ruwa, fule, ko faifan injin niƙa, idan ya tsage a sauya shi kawai. In ya tarwatse yana cikin gudu, ɓaraguzansa suna iya raunata mutum ko su kashe shi. Jikin famfon ƙananan injinan ban-ruwa kuma yawanci na sanholo ne, maganaɗisu ba ya kama shi, kuma waldarsa sai wurin masu na'urar waldar sanholo.

Idan a jikin tarakta za a yi walda, a cire wayoyin batir, a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin aikin, don kada wuta ta bi ta cikin boris ta lalata shi.

4. NOTI, BOLTI DA GIRIS

Yawancin karyewar kayan noma daga noti guda da ya kwance take farawa. Ƙarfe ya fara kaɗawa, rami ya buɗe, sai tsaga ta biyo baya. Ka riƙa zagaya garmarka da sifana kowace safiya kafin ka ɗaura wa shanu.

Dubi kan bolti, za ka ga lamba kamar 4.6 ko 8.8 ko 10.9. Ƙarfinsa ke nan, kuma mai babbar lamba ya fi ƙarfi. In za ka sauya, nemi mai lamba irin ta wanda ka cire. A jikin wasu kayan da tarakta ke ja akwai bolti da aka sa da gangan don ya karye idan garma ta ci karo da kututture. Shi ke tsare manyan sassa masu tsada. Wanda ya sauya shi da mai ƙarfi, ko ya sa aka yi wa wurin walda, zai biya kuɗin giya ko shaf maimakon kuɗin bolti. Haka nan kada ka yarda a manne bakin garma da walda don noti ya ɓace, domin an yi shi ne don a riƙa cirewa ana sauyawa.

Yi amfani da sifana daidai da kan noti. Bolti mai kaurin milimita 6 yana son sifana 10, mai 8 yana son 13, mai 10 yawanci 17, mai 12 yawanci 19. Filaya tana cinye kusurwoyin noti har ya gagara kwancewa. In noti ya ci tsatsa, jiƙa shi da kalanzir ko man dizal ya kwana, ka ɗan bubbuga shi, sannan ka gwada da sifana mai zobe. Boris da duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe suna son giris, amma goge tsohon tukuna, don giris da ya haɗu da yashi cin ƙarfe yake yi. Bayan damina, wanke garma, busar da ita, shafa mata tsohon baƙin mai, ka ɗaga ta daga ƙasa a ƙarƙashin rumfa.

5. INJIN BAN-RUWA

Ƙaramin injin fetur mai inci 2 ko 3, irin ƙirar Honda GX160 da masu kama da shi, yana cin baƙin mai kimanin lita 0.6. Sabon inji ana juye masa mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100. A lokacin hunturu, da ƙura ta yi yawa, rage tazarar ya fi. Duba mai kowace safiya, injin yana zaune a wuri mai daidaito. Wanke matatar iska a kai a kai, kuma kada ka tayar da inji babu ita, don ƙura ce ke cinye ringi da fistin. Tazarar bakin fulogi milimita 0.7 zuwa 0.8 ce.

Kafin ka ja igiya, cika famfon da ruwa. Akwai wani sil a tsakanin famfo da inji wanda ruwa ne ke sanyaya shi, kuma gudu a bushe yana ƙona shi cikin ɗan lokaci. In inji yana gudu amma ruwa ba ya fitowa, kada ka yi saurin kwance shi. Duba mesar tsotso ko tana shan iska, duba rariyar bakinta ko ta toshe, sannan ka duba zurfin ruwan, domin irin wannan famfo ba ya iya tsotso daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8. In za a ajiye inji bayan rani, a tsiyaye ruwan famfo da fetur ɗin tanki da na kafireto.

MISALI NA 3
Wata mai noman tumatir tana kunna injinta awa 5 a rana, kwana 4 a mako. A mako ɗaya awa 20 ke nan (5 × 4). Awa 100 za ta cika a mako 5 (100 ÷ 20). In noman zai ɗauki mako 15, za ta juye mai sau 3, wato lita 1.8 (3 × 0.6). In ta zaɓi juyewa duk awa 50 saboda ƙura, sau 6 ke nan, lita 3.6. Ko da hakan, kuɗin man bai kusa da kuɗin sauya ringi da fistin ba, ballantana asarar tumatirin da ya kwana biyar bai sha ruwa ba.

6. KARE LAFIYA

Hasken walda yana ƙona ido ko daga nesa. Ciwon ba ya tashi nan take, sai bayan wasu awanni, ido ya yi ja, ya riƙa raɗaɗi da zubar hawaye. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, sai garkuwar fuska mai gilashin walda. Kai mai jira ka juya baya, ka kuma kori yara daga wurin. In abin ya same ka, kada ka murza ido, kada ka ɗiga masa wani abu da ba likita ya ba ka ba, ka je asibiti in zafin ya ƙi sauka ko gani ya ragu.

Kada a kusantar da wuta ga tanki ko duro da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da ya yi shekara babu komai a ciki, don tururin da ya rage yana fashewa. Kada a yi wa rim walda taya tana jikinsa, ko an sace iskar. Farin bututun ruwa yana da rufin tutiya mai fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, sai a gurje rufin a yi aikin a fili. Kada a tayar da inji ko janareto a rufaffen ɗaki ko a cikin rijiya, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari mai kisa. Kashe inji ka cire hular fulogi kafin ka sa hannu a bel ko farfela, kuma babbar riga da mayafi ba sa zuwa kusa da abin da ke juyawa.

MISALI NA 4: A GYARA KO A SAYA?
Kuɗaɗen nan na lissafi ne kawai, ka sa na kasuwarku a madadinsu. A ce sabon bakin garma mai kyau naira 18,000 ne, kuma yana yin damina 3. Kowace damina naira 6,000 ke nan. A ce kuma gyaran tsohon naira 4,000 ne, amma sai an mayar da shi sau 2 a damina ɗaya. Naira 8,000 ke nan, ban da kwanakin da shanu suka yi a ɗaure. A nan saye ya fi. In kuwa gyara ɗaya zai fitar da damina, to gyaran ya fi da naira 2,000.

TAMBAYOYIN BITA

1. Faɗi irin ƙarfe uku da muka koya, ka kawo misalin kayan noma ɗaya ga kowanne.
2. Ta yaya magagari yake nuna maka ingancin bakin garma?
3. Me ya sa maƙeri yake gwada ƙarfen da ya yi ja da maganaɗisu?
4. Me zai faru da fartanyar da aka ba ruwa amma ba a sassauta taurinta ba?
5. Jera matakan gyaran tsaga a ƙarfe mai kaurin milimita 8, daga farko har ƙarshe.
6. Me ya sa ba a kwara wa sabuwar walda ruwa?
7. Farfelar injin ban-ruwanka ta tsage. Walda za ka sa a yi mata ko sabuwa za ka saya? Kawo dalili.
8. Injinka yana aiki awa 4 a rana, kwana 5 a mako. Bayan mako nawa zai cika awa 100? Lita nawa ta baƙin mai za ka buƙata a mako 20?
9. Ambaci abubuwa uku da bai kamata a kusantar da wutar walda gare su ba sai da kariya ko ma sam.

AIKIN GIDA

Kafin zama na gaba, fito da garmarka ko injinka ka duba shi tun daga sama har ƙasa. Rubuta duk notin da ya kwance, da duk tsaga, da duk inda ke buƙatar giris. Raba su gida uku: wanda za ka yi da hannunka, wanda za ka kai wa maƙeri, da wanda sai mai walda ko bakanike. Ka zo aji da takardar, tare da guntun ƙarfe ɗaya da ya karye a gidanku, mu gwada shi da magagari tare.